Mena ta ƙwallo kowa ya san ta, ta daji fa?



Ranar da Mena ke wasa ba sai an yi shela ba. Rumfunan kallo na cika, mai shayi ya ƙara gawayi, wanda ke gona ya rataya rediyonsa ga reshen icce. To amma a gwada wani abu. A tsayar da yaro ɗan lakwal a bakin rumfar, a ce masa: "Kai, mene ne mena?" Zai ce 'yan ƙwallon Nijar ne, waɗanda suka je gasar kofin Afirka a 2012 da 2013. Bai yi ƙarya ba. Sai dai tun kafin a sa wa 'yan ƙwallo wanga suna, dabba ce. Ita ce babba cikin bareyi, mai dogayen ƙafafu, ciki da gindi fari fat, wuya da baya ja, da ɗan farin tabo a maƙogwaro. A da tana yawo daga wannan gefe na Sahel zuwa wancan. Yau masana sun ce waɗanda suka rage a daji, a duniya baki ɗaya, ba su kai ɗari uku ba. Namu na Nijar sun maƙale a duwatsun Abzin da na Termit, sauran suna Cadi. Wato 'yan kallon da ke cika babbar rumfa guda ranar wasa na iya fin dukan menar duniya yawa.

Abin da ya sa muka tada wanga zance shi ne hotunan da 'yan uwanmu na waje ke aikowa ta WhatsApp. Wani ya tsaya jikin ƙatuwar giwar ƙarfe, wani ya ɗora ɗansa bisa bayan karkandar tagulla. A manyan birane yanzu yayi ne a kafa siffar dabbar da ke neman ƙarewa a tsakiyar jama'a, a bar mutane su taɓa ta, su hau, su ɗauki hoto, su haska ɗan tambarin nan mai kusurwa huɗu da wayarsu don su karanta labarinta. A watan Afrilu na 2025 ma an ratsa titunan Legas da wani ayarin dabbobin kwali da katako, masu girman na gaskiya, mutane na tafiyar da su da hannu. Ayarin ya taso daga Kinshasa, ya bi ta Dakar, ya nufi arewacin Turai, don nuna yadda canjin yanayi ke korar dabbobi daga mazauninsu. Tambayarmu ita ce: irin wannan abu zai yi wa Tawa amfani? In zai yi, wace dabba za a siffanta, kuma ta wace hanya?

Mu fara da wanda aka fi sani. A watan Maris na 2018 wasu mata da miji 'yan Ostareliya, Gillie da Marc, suka kafa siffar karkanda uku na tagulla, ɗaya bisa ɗaya, a wani dandali na birnin Niyok a Amurka. Tsawonta ya kai wajen mita biyar. Siffar karkanda ukun ƙarshe ce na wani jinsi da ake kira farar karkandar arewa: namiji guda mai suna Sudan, da mata biyu, Najin da Fatu, dukansu a wani gandu na ƙasar Kenya, masu gadi da bindiga na tsaronsu dare da rana. Kwanaki kaɗan bayan an buɗe siffar, ranar 19 ga Maris, Sudan ya mutu. Siffar da aka yi don gargaɗi ta koma alamar kabari tun fentin bikin bai bushe ba. Ba mu ce aikin banza ne ba. Dubban mutane sun ji sunan dabbar da ba su taɓa ji ba, an kuma tara sa hannu da kuɗi. Amma a lura da wanda aka yi wa siffar. Mutumin Niyok ba ya da karkanda a bayan gida. Abin da ake nema gare shi tausayi ne da aljihu, shi ke nan.

Mu namu daban ne. Wanda zai tsaya gaban siffa a tashar Tawa, mai yiwuwa shi ne makiyayin da dila ya ci masa ɗan akuya jiya, ko saurayin da ya taɓa korar barewa da babur har ta faɗi, ko dattijuwar da aka ce ta nemo kan ungulu don maganin jikanta. Ba baƙo ba ne ga maganar. Shi ne maganar. Don haka abin da ya yi aiki a Niyok ba lalle ba ne ya yi aiki a nan, kuma wanda ya kwaso shi yadda yake ya dasa a shataletale, zai samu wurin ɗaukar hoton sallah ne kawai.

Kuma ba sai mun je Amurka ba kafin mu ga misali, don Nijar na da nata guda biyu, dukansu na ƙarfe, dukansu a jahar Agadas maƙwabciyarmu.

Na farko iccen Tenere. Wata ƙaya ce guda ɗaya tilo da ta tsaya a tsakiyar hamada, babu wani icce kusa da ita tafiyar ɗaruruwan kilomita, ayarin gishiri na Bilma na yada zango gindinta, ba mai karya reshenta don hura wuta. A 1973 wata babbar mota ta banke ta. Aka kwaso gawar iccen aka kai gidan tarihi na Yamai, wanda yau ake kira Bubu Hama, aka kafa wani iccen ƙarfe a gurbinsa. Iccen ƙarfen na nan, matafiya na tsayawa su ɗauki hoto. Ba ya ba da inuwa, raƙumi ba ya cin ganyensa. Tuni ne da abin da ya riga ya wuce.

Na biyu ya fi dacewa da zancenmu, kuma mun lura mutane da yawa ba su san labarinsa ba. Hanyar nan da ta tashi daga Tawa ta bi Tabalak da Abalak ta shiga Agadas, in ka ci gaba da ita wajen Arlit, bayan tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai akwai wani wuri da ake kira Dabus. Bisa wani falalen dutse a can, mutanen da suka rayu shekaru dubu shida ko fiye da suka wuce sun sassaƙa raƙuman dawa biyu. Babban ya haura mita biyar, wato tsawonsa na gaskiya, kuma an fitar da kowane tabo na jikinsa ɗaya bayan ɗaya, ba da ƙarfe ba, da dutse. Daga bakin kowane raƙumin an ja wani layi da ya sauko zuwa ga wani ɗan ƙaramin mutum. Kewaye da su akwai wasu zane-zane sama da ɗari takwas, na shanu, jiminu da bareyi. Abzinawan wurin sun san da shi tun tuni. Wani Bafaranshe mai bincike, Christian Dupuy, ya rubuta shi a 1987, sannan duniya ta ji.

Da duniya ta ji, sai ɓarna ta fara. Masu zuwa kallo na taka zanen da takalmi, wasu na rubuta sunansu, wasu na ɓantarar dutsen su tafi da shi. Kun ga ke nan taɓawa ma tana da nata lahani. Shi ya sa a 1999 wasu ƙungiyoyi biyu masu kula da zanen duwatsu, Bradshaw da TARA, da amincewar hukumomin Nijar, suka shafa wa dutsen wani irin danƙo suka ɗauki sawunsa, aka zuba kwafinsa da gorar ruwa, wato alminiyom. Kwafi guda shi ne wanda ke filin jirgin saman Agadas. Amma abin da ya fi burge mu ba kwafin ba ne. A cikin aikin nan an haƙa rijiya kusa da wurin, an kuma sa mutanen yankin su zama masu gadi da yi wa baƙi jagora. Wato an gane cewa ƙarfen da ke birni ba zai tsare dutsen da ke daji ba, sai in mutanen da ke kwana kusa da dutsen na shan ruwa ta dalilinsa.

Wannan darasi shi ne dai na Kure. Duk wanda ya hau bas daga Tawa zuwa Yamai, ya bi Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, ya ratsa ta Kure, wajen kilomita 60 kafin babban birni, kuma in ya yi sa'a ya hango dogayen wuyan nan sun leƙo bisa itatuwa. Su ne raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kacal. Zuwa 2018 sun haura 600. Ba siffa ta dawo da su ba. An hana halbinsu da gaske, an samu ƙungiyoyin da ke ba mazauna ƙauyukan ƙananan bashi da rijiyoyi, samari suka samu aikin jagorar baƙi. Kuma ba a ɓoye cewa akwai ciwo a ciki ba: raƙumin dawa na shiga gonar wake, yana cin mangwaro, manomi na gani ba halin ya ɗaga masa hannu. Haƙurin da ake nema gare shi sai an biya shi da wani abu. Da suka yi yawa, a watan Nuwamba na 2018 aka ɗauki takwas a manyan motoci, tafiyar sama da kilomita 800, aka kai gandun Gadabeji a ƙasar Dakwaro, gabas da mu, inda aka yi kusan shekara hamsin ba a ga ko ɗaya ba. A 2022 aka ƙara huɗu. Tuni sun fara haihuwa a can.

Sai dai Kure ta kuma nuna mana inda tsarin ke da rauni. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida masu aikin agaji da 'yan Nijar biyu, ciki har da shugaban masu yi wa baƙi jagora. Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin masu jagora ya yanke. Duk tsarin kare dabba da ya dogara ga baƙon waje kaɗai, rana guda na iya rushe shi. Mu a jahar Tawa mun san wannan fiye da kowa. Bayan abin da ya faru a ƙasar Tiliya a watan Maris na 2021, inda aka hallaka mutum 137, ba mai hankalin da zai ce ma'aikacin gandun daji ya ɗauki babur shi kaɗai ya shiga Azawak ƙirgar bareyi. Dokar farauta da kare namun daji ta 1998 na nan a rubuce, amma doka na buƙatar ƙafafun da za su kai ta daji.

To yanzu mu dawo gida. Wace dabba ce tamu?

Abu mafi sauƙi shi ne a ce a yi raƙumin dawa, tunda shi ne kowa ya sani, shi ne ke jikin katunan gaisuwa. Mu dai ba mu goyon bayan haka. Raƙumin dawa na da masu kula da shi, kuma ba a Adar yake ba. Haka ma mariri, farar dabbar nan mai dogon ƙaho kamar takobi wadda Abzinawa ke yin garkuwa da fatarta. An ayyana ƙarewarta a daji a shekara ta 2000, sai daga 2016 aka fara maido da ita Cadi daga waɗanda aka kiwata a gidajen ajiye dabbobi na ƙasashen waje. In muka yi siffarta, iccen Tenere muka sake yi. Jimina ma, wadda tsofaffin Cintabaraden da Abalak ke ba da labarin gudunta da ƙwanta, yau a Nijar sai a cikin shinge ake kiwonta, kamar a Kelle ta jahar Damagaram, da fatan wata rana a sake ta. Ba mu ce kar a tuna da su ba. Fari na 1973 da na 1984, da bindigar zamani, da mota mai shiga rairayi, su suka haɗu suka share su, kuma ya kamata yaro ya san haka. Amma in aka tsaya nan, makoki aka yi.

Waɗanda suka fi buƙatar a yi maganarsu su ne masu sauran numfashi kusa da mu. Barewar da ta rage a arewa, wadda ake kora da babur har zuciyarta ta buga. Tuje, wanda manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa suka sha zuwa farautarsa da shahunansu. Tsuntsayen da ke sauka tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi lokacin sanyi, wasunsu tun daga Turai. Tabkunan nan biyu an sa su cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, na yarjejeniyar Ramsar, tun 2005, amma mutum nawa ne cikin masu kamun kifi da masu lambu a bakinsu aka taɓa zaunar da su aka gaya musu? Sai kuma wadda ba mai so ya ambata, ungulu.

Mu ɗan tsaya a kan ungulu, don a nan ne maganar ta fi shafar lafiyarmu kai tsaye. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya tuna yadda mahautar kowane gari ke cike da su, suna zaune bisa katanga suna jiran mahauta su watsar. Har karin magana muka yi mata, muka ce ba ta jewar banza. Yau a je mahauta a ƙirga. A 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa ungulun nan tamu ta gari, da wasu manyan 'yan uwanta uku na Afirka, a matakin ƙarshe kafin ƙarewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Akwai gubar da ake zuba wa mushe don kashe dila ko kura ko karnuka, ungulu ta sauka ta ci ta mutu da yawa lokaci guda. Akwai kuma kasuwar kai da ƙafa da ƙwai don tsibbu, wadda ta fi ƙarfi a Najeriya, kuma mafarauta na ƙetaro iyaka su biɗa a nan. A 2014 wata ƙaramar farar ungulu da masana suka ɗaura wa na'urar bin sawu a ƙasar Girka ta yi doguwar tafiya ta iso Nijar, a nan aka halbe ta don wannan kasuwa. A Gine Bisau kuwa, a 2020, sama da dubu biyu aka kashe da guba cikin 'yan makonni.

Wani zai ce to sai me, tsuntsun ƙazanta ne. Indiya ta ga amsar. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diklofenak, ya kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na ungulayen ƙasar, don suna cin mushen da maganin ke jikinsa. Mushe ya dinga ruɓewa a fili, karnukan yawo suka ƙaru, cizon mahaukacin kare ya ƙaru da su, sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin. Mu da muke ƙasar kiwo, inda kowace bazara mai tsanani ke barin mushe a hanyar rijiya, ungulu ma'aikaciyar tsafta ce da ba a biyanta ko dala. Wannan ita ce amsarmu ga wanda zai ce, kuma da gaskiyarsa, ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro wa ke ta dabba. Ba mu ce a bar hatsi a kama ungulu ba. Cewa muka yi rashinta na da farashi, kuma makiyayi da yaran da ke wasa a bayan gari su za su biya.

Akwai wata magana da ba za mu tsallake ba, don in mun tsallake ta masu sauraro ba za su tsallake ba. Kalmar da ke fara zuwa bakin Bahaushe in ya ga siffar mai rai tsaye ita ce gunki. Ko mutum-mutumi, wanda mu a gona muka san shi, don korar tsuntsu ake kafa shi. Mu ba masu ba da fatawa ba ne, wannan aikin malamai ne. Amma abin da aka sani a mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi shi ne, inda aka fi tsanantawa shi ne siffar mai rai cikakkiya mai inuwa, wadda aka sassaƙa ko aka zuba ta tsaya da kanta. Zanen da ke shafe a jikin bango ko takarda hukuncinsa ya fi sauƙi, haka ma siffar da ba ta cika ba. Duk wanda ya zo da kuɗin ƙungiya ya dasa ƙatuwar dabbar siminti a tsakiyar gari bai zauna da limamai da sarakuna ba, to ya sani rigimar da za ta biyo baya za ta cinye saƙon, a wayi gari ana gardamar halal da haram, an manta da barewa. Kuma a ganinmu wannan iyaka ba cikas ba ce. Mutanen Dabus ma ai ba tsayayyar siffa suka yi ba, zane suka yi a jikin dutse, ga shi ya kai shekara dubu shida.

Don haka ga abin da muke gani zai fi karɓar Tawa. A samu bango, ba a shataletale inda mota ke wucewa da gudu ba, a inda mutane ke zama su jira: tasha, bakin kasuwar dabbobi, harabar lakwal, ko kusa da filin kokawa. A zana dabbobin a jikinsa da girmansu na gaskiya, yadda yaro zai jingina bayansa ya buɗe hannuwa ya ga fukafukan babbar mikiya, masu kai mita biyu da rabi, sun fi shi nesa ba kusa ba. A ƙasa a zuba sawun ƙafar kowacce a siminti, yaro ya sa ƙafarsa cikin sawun jimina mai yatsu biyu, tsohon mahalbi ya tsaya ya nuna masa bambancin sawun barewa da na akuya. A rubuta sunan kowace dabba da Hausa, Tamajak, Fulatanci da Larabci, da boko da ajami da tifinar, don kowa ya ga nasa. Mutanenmu da yawa ba su karatu, kuma tambarin da ake haskawa da waya na buƙatar kuɗin intanet, don haka murya ta fi: a naɗi tsofaffi suna faɗin inda suka ga dabbar da shekarar da suka daina ganinta, a sa a katin waya, a watsa a rediyo. A kuma bar wani gefen bangon fili, kowane ƙauye ya zo ya rubuta sunansa da abin da ya rage a dajinsa. Masu walda da magina da masu zanen allon shago na garin nan sun isa su yi wannan, ba sai an ɗauko gwani daga waje ba. Ɗiyanmu ma ai tun suna ƙanana suke gina shanu da raƙuma da laka a bakin tabki, hannun na nan.

Amma sharaɗin da muka fi riƙewa shi ne na Dabus. In an kashe jaka ɗari a siminti da fenti, a ajiye wata jaka ɗarin ga abu mai rai da bangon ke nuni gare shi. Ko ɗan alawus ga mutum biyu da za su riƙa lura da itatuwan da ungulu ke sheƙa a kai. Ko zama da mahauta da makiyaya kan yadda za a rabu da mushe da karnukan yawo ba tare da guba ba. Ko tafiyar 'yan lakwal zuwa Tabalak lokacin da tsuntsaye suka sauka, tunda kilomita hamsin ne ko kusa da haka. Da kuma sarakunan mahalba, waɗanda sau da yawa ake ɗauka abokan gaba ne a wannan aiki, alhali su suka fi kowa sanin inda dabba ke kwana da lokacin da take da ciki. In ba a sa su gaba ba, ba wanda zai gaya maka gaskiyar abin da ke daji.

Sai batun kula. Mun ga yadda aka ƙawata garin nan lokacin Tawa Sakola, bikin 18 ga Disamba na 2017, kuma kowa ya san halin abin jama'a in ba shi da takamaiman mai shi: rana ta ci fenti, iska ta kawo rairayi, a manna masa takardun talla. Bango ko siffa da ba a ɗora wa wata unguwa ko wata lakwal ko ƙungiyar 'yan kasuwa alhakinsa ba, shekara uku ta yi masa yawa. A nan ne 'yan uwanmu na waje ke da ta cewa. Ku kuka gina masallatai da azuzuwa da rijiyoyi a ƙauyuka da dama na Adar da kuɗin da kuke tarawa wata-wata, kuma kun san sirrin abin: kuna tambaya, kuna neman hoto, kuna kiran waya ku ji ko famfon na aiki. Irin wannan bin diddigi shi ne abin da aikin ƙungiyoyin waje ke rasawa da zarar wa'adinsu ya cika.

Kar kuma mu raina kanmu. Ƙasar nan ta Adar ita ce ta ga aikin Keita tun daga 1984, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka suka tare zaizayar ƙasa, ita ce ta ga tassa a ƙasar Illela da Badagishiri ta maido da faƙo gona, da layukan itatuwan kare iska a kwarin Magiya. Wanda ya iya maido da icce inda aka fidda rai, ya san rabin aikin maido da dabba, don zomo da zabon daji ba su zama inda babu mafaka. Abin da ba a yi ba shi ne haɗa maganar icce da maganar abin da ke rayuwa ƙarƙashinsa. Kowace 3 ga Agusta muna dasa itatuwa, ana jawabi, amma da wuya ka ji an ambaci tsuntsun da zai sauka a kansu.

Mu daga namu ɓangare za mu fara da abin da ke hannunmu, wato murya. Muna roƙon dattawanmu, maza da mata, na Keita da Buza, na Abalak, Tabalak da Cintabaraden, da duk inda wanga shiri ke kaiwa: wace dabba ce kuka sani a dajinku da yanzu babu ita? A wane wuri kuka yi mata ganin ƙarshe, kuma shekarar me, ko da da sunan yunwa ko na sarki za ku ƙirga? Wacce ce har yanzu take nan? Matasa ku zauna da kakanninku ku naɗa a waya, ku aiko ta hanyar da kuka saba aiko da gaisuwa. Na waje kuma ku kira gida ku tambaya. Wanda ya taɓa ganin mena da idonsa, shi muke so mu fara ji.